Nazarin lamari: ɗan dakon da jininsa ya ci gaba da raguwa duk da ƙarin leda uku

Mara lafiyar da yanayin rayuwarsa

Magidanci ne ɗan shekara 46, mazaunin Rigasa, yana dakon kaya a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke tsakiyar garin Kaduna. Ba ya shan taba ko giya, rukunin jininsa na gado AA ne, kuma ba a taɓa kwantar da shi a asibiti ba. Kusan shekara biyu kafin ciwon ya bayyana yana fama da ciwon baya da gwiwa irin na masu ɗaukar buhu. Kullum da yamma sai ya biya kemis a haɗa masa "maganin gajiya", ƙwaya huɗu ko biyar a ƙulle a leda, wani lokacin ma ya ƙara da safe kafin ya karya. Abincinsa shayi da burodi da safe, ɗanwake ko garau-garau da rana, tuwon masara da miyar kuka da daddare. Nama kuwa sai jefi-jefi.

Kafin a bi abin da ya faru da shi, ya kamata a san aikin da jikinsa ke yi lokacin da yake lafiya. Jikin baligi na ɗauke da jajayen ƙwayoyin jini wajen tiriliyan 25. Kowace ƙwaya cike take da himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sauran jiki. Ƙwayar tana rayuwa kwana 120 ko kusa da haka, daga nan saifa da hanta su tsame ta su warware ta. Ke nan kusan kashi 1 cikin 100 na jajayen ƙwayoyin mutum ke mutuwa kowace rana, kuma dole a maye gurbinsu a ranar. Ɓargo ne ke wannan aiki. A jikin babba ɓargon da ke haifar da jini yana cikin ƙashin ƙugu, ƙashin baya, haƙarƙari, ƙashin ƙirji, ƙoƙon kai, da saman ƙashin cinya da na dantse. Yana fitar da ƙwaya fiye da miliyan 2 a kowace daƙiƙa.

Ƙoda ce ke ba ɓargo umarni. Da ta ji oksijin ya ragu a jinin da ke ratsa ta, sai ta saki wani sinadari mai suna eritirofoyetin, shi kuma ya sa ɓargo ya ƙara ƙaimi. Daga ƙwayar asali zuwa ɗanyar ƙwaya da ke shiga jini ana ɗaukar kamar mako guda. Wannan ɗanyar ƙwaya, wadda 'yan gwaje-gwaje ke kira retikulosait, tana ƙarasa nuna cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Kayan aikin da ɓargo ba ya iya yi ba tare da su ba su ne sinadarin ayon (wato sinadarin ƙarfe), folik asid, bitamin B12 da furotin.

Lissafin ayon shi ne zuciyar wannan lamari. Duk jikin babba bai wuce giram 3 zuwa 4 na ayon ba, kuma kusan kashi biyu cikin uku yana cikin himogulobin. Ɓargo na bukatar miligiram 20 zuwa 25 a rana, amma abin da hanji ke tsotsa daga abinci miligiram 1 zuwa 2 ne kacal. Sauran duka daga tsofaffin ƙwayoyin da aka warware yake dawowa. Jiki yana juya ayon ɗinsa ne a ciki, ba ya zubarwa sai kaɗan. Hanya ɗaya da ake asararsa da yawa ita ce jini ya fita daga jiki, domin kowace mililita ta jini tana tafiya da kusan rabin miligiram.

Janairu zuwa Maris: kasala, haki, da maganin maleriya sau uku

A cikin hunturu ya fara jin buhun da ya saba ɗauka ya yi masa nauyi. Yana haki idan ya hau bene, kansa na sarawa da yamma, zuciyarsa na bugawa da ƙarfi idan ya kwanta. Can kuma sai zafi-zafi a saman ciki, wanda ya ɗora wa yunwa. Da zafi ya shigo a Maris, matarsa ta lura Malam ya kama tauna ƙanƙara, abin da bai taɓa yi ba.

Cikin watannin nan uku an ba shi maganin maleriya sau uku, sau biyu a kemis ba tare da gwaji ba, sau ɗaya a wani ƙaramin asibiti inda aka haɗa masa da na taifod bisa gwajin Widal guda ɗaya. Ba a auna yawan jininsa ba, ba a kuma tambaye shi magungunan da yake sha da kansa ba. Saboda ciwon jikin ya ƙaru, sai ya mayar da haɗin gajiyar safe da yamma.

Afrilu: tonik, maltina da madara, zoɓo

Wani maƙwabci ya ja masa fatar ido ya ga ta yi fari, ya ce jini ne ya yi ƙasa. Daga nan gida ya shiga neman abin da ke ƙara jini. Aka sayo kwalba biyu ta tonik, yana shan cokali ɗaya bayan abinci. Aka haɗa masa maltina da madarar gwangwani kowane dare, ga zoɓo, ga romon ganyen ugu. Ya yi mako huɗu a kan haka. Ya ce yana ɗan jin ƙarfi bayan ya sha maltinar, amma hakin bai ragu ba, har ya koma aikin rabin yini.

Mayu: faɗuwa a kasuwa da ƙarin jini

Ranar 19 ga Mayu jiri ya kwashe shi yana tsakiyar sauke kaya. A asibitin da aka kai shi bugun zuciyarsa ya kai 118 a minti ɗaya, tafin hannunsa da harshensa fari fat. PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, ya nuna 16. Namiji mai lafiya yakan kasance tsakanin 40 da 50. Himogulobin ɗinsa giram 5.1 ne a desilita, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar namiji baligi yana da ƙarancin jini da zarar ya yi ƙasa da 13, ƙasa da 8 kuma mai tsanani ne. Gwajin maleriya bai nuna komai ba.

An ƙara masa jini leda uku cikin kwana uku. Ƙaninsa ya ba da ɗaya, abokan sana'arsa biyu suka ba da sauran. Kowace leda takan ɗaga PCV da kusan maki 3, kuma haka aka gani: ranar sallama, 24 ga Mayu, yana kan 26. Ba a ɗebi jinin binciken musabbabi ba kafin a saka masa ledar farko. An sallame shi da ƙwayar ayon sau uku a rana da folik asid, aka ce ya dawo bayan mako biyu.

Bai dawo ba, domin ya ji sauƙi sosai. Ƙwayar ayon yana haɗiye ta da shayin safe, kuma da zafin ciki ya taso sai ya bi ta da farin maganin olsa na kwalba. Ta tayar masa da zuciya, ta ɗaure masa ciki, bayan-gidansa ya koma baƙi. Ya tsorata, ya ajiye ta a kwana na tara. Mako guda da komawarsa kasuwa ya koma wa haɗin gajiya.

Yuli: jinin ya sake sauka, aka yi cikakken bincike

Ranar 14 ga Yuli ya je babban asibiti da haki da jiri kamar da. PCV ya sauko zuwa 22, himogulobin 7.1. 'Yan'uwansa sun zo da shirin sake ba da jini, amma likitan ya ga hawan jininsa daidai yake, ba ya amayar da jini, yana tafiya da ƙafarsa, sai ya ce a fara gano inda jinin ke tafiya tukuna.

Tambaya uku ake yi wa duk mai ƙarancin jini: ɓargo ne ya kasa haifarwa, ƙwayoyin ne ke fashewa kafin lokacinsu, ko kuwa jinin zuba yake yi? Gwaje-gwajen da aka yi masa sun bi su ɗaya bayan ɗaya.

Da aka shafa jininsa a gilashi aka duba a madubin ƙara girma, an ga ƙwayoyi iri biyu. Akwai cikakku masu kyan launi, ragowar jinin da aka ƙara masa, akwai kuma ƙanana koɗaɗɗu masu faffaɗan fari a tsakiya, su ne nasa na kansa. Ma'aunin girman ƙwaya, MCV, ya nuna 68, alhali daidai shi ne 80 zuwa 100. Ƙwaya tana fitowa ƙarama ne idan himogulobin ɗin da za a cika ta da shi bai isa ba. Retikulosait ɗinsa kashi 0.9 ne cikin 100. A jikin mai lafiya wannan adadi ba laifi, amma ga mutumin da jininsa ya ragu da rabi ya kamata a ga ya ninka sau da yawa. Ƙodarsa lafiya lau take, wato umarni yana isa ɓargo, kayan aiki ne babu. Feritin, wanda ke nuna ayon ɗin da ke ajiye a jiki, ya nuna 6, kuma duk abin da ya yi ƙasa da 15 yana nufin ma'ajiyar ta ƙare.

Idonsa bai yi rawaya ba, bilirubin ɗinsa, sinadarin da ke sa ido rawaya idan ƙwayoyi na fashewa, daidai yake, saifarsa ba ta kumbura ba. Wannan ya kawar da batun fashewar ƙwayoyi irin na sikila, inda ƙwaya ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, ko na maleriya mai tsanani. Gwajin HIV bai nuna komai ba. A bayan-gidansa ba a ga ƙwan tsutsar ciki mai shan jini ba, amma an ga ɓoyayyen jini.

A nan ne aka tambaye shi magungunan da yake sha. Da farko ya ce babu, domin bai ɗauki haɗin gajiya a matsayin magani ba. Da aka ce matarsa ta kawo ƙullin, aka tarar da diklofenak, ibufurofen da firoksikam a ciki, uku 'yan gida ɗaya, dukkansu suna rage sinadarin da ke kare bangon tumbi daga tsamin da ke cikinsa. Ranar 21 ga Yuli aka zura masa na'urar leƙen ciki ta baki. An ga gyambo mai faɗin kusan santimita ɗaya a ƙasan tumbi da ƙananan ƙuje-ƙuje a kewaye. An ɗan tsinki naman wurin, sakamako ya nuna babu daji, amma akwai ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda ke haddasa gyambon ciki.

Abin da ya fi ba iyalinsa mamaki shi ne bai taɓa ganin jini yana fita daga jikinsa ba. Bayan-gida ba ya yin baƙi mai danƙo da wari sai jinin da ya zuba a ciki ya kai mililita 50 zuwa 100 a lokaci guda. Ƙaramin cokali biyu a rana, mililita 10, ido ba ya ganinsa, amma yana tafiya da ayon wajen miligiram 5, fiye da abin da abinci irin nasa zai mayar. Namiji yana da ajiyar da ba ta wuce miligiram 1,000 ba. Da irin wannan ɗigo, ajiyar za ta iya ƙarewa cikin shekara guda mutum bai ji komai ba, domin PCV ba ya fara sauka sai ta ƙare. Kasalar da ya fara ji a Janairu alama ce ta cewa an daɗe ana cin ajiyar.

24 ga Yuli zuwa Nuwamba: toshe yoyo da ciyar da ɓargo

An tsayar da duk magungunan ciwo na wancan gida. Aka ba shi farasitamol, ƙwaya biyu ta miligiram 500 idan ciwo ya taso, kada ya wuce takwas a yini, aka kuma ce ya koma turin baro maimakon ɗora buhu a baya. Don kashe Helicobacter an ba shi omefurazol miligiram 20, amoksisilin giram 1 da kilaritiromaisin miligiram 500, kowanne sau biyu a rana har kwana 14. Omefurazol ɗin ya ci gaba da sha har mako takwas don gyambon ya haɗe.

Ayon ɗin da aka ba shi shi ne dai wanda ya ajiye a Mayu, feros salfet mai miligiram 200, wanda ke ɗauke da miligiram 65 na tsantsar ayon. Yadda ake shan sa ne aka canza. Ƙwaya ɗaya tak a rana, da hantsi, da ruwa ko da lemun zaƙi. Tazarar awa biyu tsakaninta da shayi, madara, ko farin maganin olsa, domin sinadarin tanin da ke cikin ganyen shayi da kalsiyam da magungunan kashe tsamin ciki duk suna ɗaure ayon su hana hanji tsotsarsa, bitamin C kuwa yana taimakawa. An gaya masa tun farko cewa bayan-gida zai yi duhu kuma ba illa ba ce, amma idan ya zama mai danƙo kamar kwalta da wari mai tsanani, tare da jiri, ya taho asibiti nan take.

Dalilin rage ƙwayar daga uku zuwa ɗaya shi ne, da zarar ayon mai yawa ya shiga jini, hanta tana sakin wani sinadari mai suna hefsidin da ke rufe ƙofar hanji kusan yini guda. Ƙwaya ta biyu da ta uku ba sa shiga sosai, sai dai su zauna a hanji su kawo tashin zuciya da ɗaurewar ciki. A mako na uku da cikinsa ya sake ɗaurewa, an mayar da shi shan yau, hutun gobe, kuma jinin bai daina hawa ba.

Ranar 3 ga Agusta, kwana 10 da farawa, retikulosait ya tashi zuwa kashi 4.6. PCV bai motsa sosai ba tukuna, amma wannan ne tabbacin farko cewa ɓargo ya samu abin da yake nema. Tauna ƙanƙarar, wadda alama ce ta ƙarancin ayon, ta tsaya a makon. Ranar 21 ga Agusta himogulobin ya kai 8.9, PCV 27. Ranar 18 ga Satumba 10.7 da 33. Ranar 16 ga Oktoba 12.3 da 37. Ranar 13 ga Nuwamba 13.4 da 40, MCV ya hau zuwa 83. Ƙananan koɗaɗɗun ƙwayoyin ba su ɓace daga gilashi ba sai wajen wata na huɗu, lokacin da kwanakinsu suka cika aka tsame su.

Ta fuskar abinci an nemi a sa masa hanta, nama ko kifi sau uku a mako gwargwadon hali, domin ayon ɗin nama ya fi na tsiro shiga jiki nesa ba kusa ba. Wake, zogale da alayyafo an ce a riƙa haɗa su da tumatir, gwaba ko lemu. Shayin safe bai bari ba, lokacinsa aka raba da na magani.

A ƙarshen Satumba an sake leƙa tumbin, gyambon ya warke. A Oktoba, bayan ya yi mako biyu ba ya shan omefurazol, gwajin bayan-gida ya nuna Helicobacter ta mutu. Ƙa'ida ce ga namiji mai ƙarancin ayon a duba babban hanji ma, domin dajin hanji yana zubar da jini a ɓoye haka nan, kuma samun gyambo a sama ba ya wanke ƙasa. Rashin kuɗi ya jinkirta wannan har Nuwamba. An dakatar da ayon mako guda kafin a yi, ba a kuma ga komai ba.

Nuwamba zuwa Fabrairu: cika ma'ajiya

Ranar da PCV ya kai 40 ya tambayi likita ko ya ajiye maganin. A wannan rana feritin ɗinsa bai wuce 19 ba. Kusan duk ayon ɗin da ya shiga jikinsa ɓargo ya kwashe ya zuba a sabbin ƙwayoyi, kaɗan aka ajiye. Ya ci gaba da sha wata uku. A tsakiyar Fabrairu feritin ya kai 64, himogulobin 14.1, aka tsayar da maganin.

Ƙanin nasa da ya ba da jini mililita 450 a Mayu bai sha komai ba, kuma da aka auna shi a Yuli don a ga ko zai sake bayarwa, PCV ɗinsa ya riga ya koma inda yake. Ruwan jinin yakan dawo cikin kwana ɗaya zuwa biyu, jajayen ƙwayoyin cikin mako huɗu zuwa shida, muddin akwai ayon a ajiye kuma babu inda ke zuba.

Abin da ya yi aiki, abin da bai yi ba, da dalili

Ƙarin jinin Mayu daidai ne, mai PCV 16 da ya faɗi yana bukatarsa. Amma jinin aro ne. Ƙwayoyin cikin leda akwai sabbi akwai tsofaffi, wasu ma jiki na tsame su a yinin farko, sauran kuma suna mutuwa kullum bisa ƙa'ida. Tun da gyambon na nan kuma ɓargo ba shi da ayon, an zuba ruwa ne a randa mai yoyo. Babban kuskuren wannan mataki shi ne sallamarsa ba a nemi musabbabi ba. Sirinji ɗaya na jini kafin ledar farko, da tambaya ɗaya kan abin da yake saya a kemis, da sun rage masa wata biyu na wahala.

Maganin maleriya sau uku ba tare da auna PCV ba ya ci wata uku. Gwajin PCV yana cikin mafi arha a ɗakin gwaji, kuma ya kamata a yi wa duk wanda ya zo da kasala da haki, musamman idan ya dawo karo na biyu da koke iri ɗaya. Maltina da madara sukari da kuzari suke bayarwa, ayon ɗinsu bai taka kara ya karya ba, kalsiyam ɗin madarar ma yana tare hanya. Jan launin zoɓo ba shi da alaƙa da himogulobin. Tonik ɗin da ya sha yana da ayon, amma cokalinsa bai kai ƙwaya ɗaya ba, kuma yana bin sa da shayi. Ƙwayar ayon ta Mayu ba ita ta gaza ba: an ba shi da yawa, ba a gaya masa abin da zai guje wa ba, ba a kuma faɗa masa bayan-gida zai yi baƙi ba.

Abin da ya warkar da shi abu uku ne da aka yi tare, kuma da an bar ɗaya da jinin ya sake sauka: tsayar da haɗin gajiya da warkar da gyambo, ba ɓargo ayon ta yadda zai shiga jiki, da ci gaba da sha bayan ya ji sauƙi. Namiji baligi ba ya rasa ayon haka kawai, haka ma macen da ta daina al'ada. Idan an ga feritin ɗinsu ya faɗi, dole a leƙa ciki da hanji. Ga mace mai al'ada ko mai juna-biyu lissafin daban ne, domin ciki ɗaya yana cin ayon wajen miligiram 1,000, kuma a can za a fara duba yawan jinin al'ada, ƙari a mahaifa da tazarar haihuwa.

An rubuta masa a katinsa cewa kada a sake ba shi diklofenak, ibufurofen, firoksikam ko asfirin sai da sanin likita, aka ce ya riƙa nuna katin a kemis. Zai riƙa auna PCV duk wata uku har shekara ta zagayo, kuma idan ya sauka ƙasa da 38, ko zafin saman ciki ya dawo, za a maimaita feritin da gwajin ɓoyayyen jini kafin a ba shi kowane magani.